Tumfafiyar Gwamnati

A shekarar da 'yan majalisar Amurka suka kasa shiryawa a kan kasafin kuɗi, har aka rufe gwamnati kamar shagon da mai shi ya tafi ta'aziyya, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, wata safiya waya ta yi ƙara a aljihun Imoro, Allah ya jiƙansa. Yana zaune a gareji a kan bokitin fenti yana shan koko. Nan yake karyawa tun da mahaifin matarsa Haula, Malam Idrissa, ya zo daga Maradi ganin likitan hawan jini. Imoro ba ya iya tauna ko ƙosai a gaban tsohon. In suka yi kaciɓus a matakala, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a wurin ya gaishe shi, har sai tsohon ya gaji ya ratsa ta gefensa.

Constance ce a wayar, shugabarsa a gandun dajin gwamnati da ke bakin kogi, nan kusa da unguwarsu a Woodbridge.

"Imoro, ka zo yanzu. Kada ka sa rigar aiki, kada ka biyo ta babbar ƙofa."

"Madam, ai an ce duk wanda ya je aiki ya karya doka."

"Na sani. Ni ma ba na nan. Ka zo ka same ni a inda ba na nan."

Gandun nan ba giwa ba zaki, sai barewa da dila da tsuntsayen ruwa. Aikin Imoro yankan ciyawa da gyaran hanya, da kula da wani fili kamar rabin filin ƙwallo. Constance ta daɗe tana roƙon manyanta su sa filin nan a kasafi kafin su yarda. Abin da aka shuka a ciki kuwa tumfafiya ce. Ta ƙasar nan ba ta girma kamar ta gida, amma farin nonon nan da ƙwallon mai auduga duk ɗaya ne. Wai akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da ba ya ƙwai sai a kanta, kuma yana neman ƙarewa a duniya. An shirya da an gama kasafi manya za su zo su duba filin, su ga ko za a ci gaba da ba shi kuɗi.

Imoro ya ratsa ta bayan shinge ya isa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Babu tumfafiya ko ɗaya a tsaye. An share filin tas, an tara ganyen tsibi-tsibi a jere, ƙasa ta kwanta lumui kamar za a shimfiɗa tabarma. Constance tana tsaye a tsakiya da bututun ban ruwa a hannu, idanunta sun yi ja.

"Ranar da aka sallame mu," ta ce, "kai ne ka ce a gaban kowa tumfafiya tana da kasafi, kai ba ka da shi."

"Wasa nake yi, Madam."

"Ni na san wasa ne. Manyana ba su san wasa ba. Yanzu ba ni da ikon kiran kowa, ko wayar ofis an ce kada mu taɓa. Amma ranar da aka buɗe gwamnati zan kira su, kuma abin da za su fara tambaya shi ne wa ke kula da filin. In ba ni da wani suna, naka ne a bakina."

Imoro kuwa da aikin nan yake riƙe da gida, da shi ake biya wa tsohon likita.

Amma wani gefen zuciyarsa, Allah ya yafe masa, murna yake yi. Kakansa maharbi ne a wajen Yendi, shi ya koya masa bin sawu, kuma kafin ya zo Amurka ya yi aikin gadi a babban daji a arewacin Gana. Tun da ya zo ƙasar da aka shafe ko'ina da kwalta, ilminsa ya rasa inda zai sauka. Sai dai a gida ya duba kafet ya faɗi wanda ya buɗe firji. Yau ga ƙasa buɗe a gabansa. Ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa.

Ya daɗe yana rarrafe yana shinshina. Ya ce mutum ɗaya ne, da silifas. Ya ce ba rana ɗaya aka yi aikin ba, don wani tsibin ya bushe wani ɗanye ne. Ya ce ba inji ba ne, ba adda ba ce, wani ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu da ke shiga ƙasa a kwance. Wannan ya ɗaure masa kai, don a garinsu sunkuyawa ake a yi noma, mai sawun nan kuwa a miƙe yake tafiya kamar mai zuwa kasuwa.

A ƙarƙashin wata bishiya ya ga silifas an ajiye su gefe guda, ga tafin ƙafa biyu, ga gwiwoyi, ga inda goshi ya taɓa ƙasa.

"Me ka gani?" in ji Constance.

Imoro ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa. "Madam, namu ne. Ya gama ɓarnarsa ya yi walaha."

*

Ya gaya wa Haula, ya ce kada ta gaya wa kowa. Haula ba ta gaya wa kowa ba sai Hajiya Wahida mai sayar da wake da shinkafa. Kafin Juma'a maganar ta kai har garin Manassas ta dawo da ƙari: wai 'yan sandan tarayya za su bi gida-gida, wai za a duba takardun kowa, wai an ƙirga malam-buɗe-littafin kuma za a biya diyyar kowane.

A masallaci mutane suka riƙa ɗaukar takalmansu suna shiga da su a hamata, don sun ga Imoro tsaye a bakin ƙofa yana juya na mutane yana duba ƙasansu. Liman ya yi addu'a Allah ya tona asirin duk wanda ya yi ɓarna a dajin gwamnati yana neman jawo wa jama'a fitina. Ba wanda ya ɗaga murya da amin kamar Malam Idrissa, har na kusa da shi suka waiga.

Bayan salla Nazir ya tare Imoro. Bakano ne, ɗan jarida a wani gidan rediyo mai sashen Hausa a cikin Washington, kullum yana bakin majalisa da abin ɗaukar magana.

"Yaya Imoro, albishirinka. Sun fara zama. Da alama kwanan nan za a buɗe, ku koma aiki."

"Kai, Nazir, su bi a hankali mana. Kasafin ƙasa guda ba abin gaggawa ba ne."

Nazir ya dube shi da mamaki. A duk ma'aikatan da aka sallama a ƙasar nan, Imoro kaɗai ke roƙon Allah 'yan majalisa su ci gaba da faɗa.

*

A bakin hanyar gandun Imoro ya ga sawun taya, ta baya ta hagu ta cinye. Ya san motar. Tasin Abdul-Samad ce, mutumin Nima ta Accra, wanda in ya je sayen biredi sai ya zagaya sau uku yana neman wurin ajiye mota a bakin ƙofa.

Ya same shi a gida kwance a doguwar kujera.

"A'a, Sarkin Baka! Ka gama shinshina takalman Musulmi?"

"Buɗe mini bayan motarka."

"Cale, abokina, kana da takardar kotu?"

"Ina da sawun tayarka."

Aka buɗe. Cike take da ɗanyar ciyawa. Imoro ya ɗaga yatsa zai fara jawabin da ya shirya tun a hanya, sai wani abu ya ce "mbeee" daga ƙarƙashin gidan.

Abdul-Samad ya yi tari da ƙarfi, ya dafe ƙirji.

"Tarin nan naka yana da ƙaho?" in ji Imoro.

"Don Allah rage murya. Ragon layya ne, na sayo shi a gona bayan Manassas. Bara na tsaya a layin yanka tun hantsi har la'asar, aka ba ni ragon da ban taɓa gani ba. Bana na ce sai na ga nawa da idona. Maƙwabciyata Olive ta tambaye ni, na ce mata kawuna ne ba shi da lafiya. Jiya har miyar kaza ta kawo masa."

"Ina ka yanko ciyawar?"

"Bakin titi, wajen shinge. Ka duba da kyau, Sarkin Baka, ka ga tumfafiya a ciki? Wane rago ne zai ci wannan? Kuma ni in yi noma? Ni da na baro Gana don kada in ɗauki abin da ya fi sitiyari nauyi? Ka je ka tambayi Hajiya Wahida. Na gan ta da buhu a wurin da sassafe."

*

Hajiya Wahida 'yar Kumasi ce, tana dafa wake da shinkafa ana zuwa saye a gidanta ranar Asabar. Ba ta bari ya buɗe baki ba sai da ta cika masa faranti.

"Ci tukuna. Tun da surukinka ya zo ka rame, kana cin abinci a gareji kamar ɓera."

"Hajiya, an gan ki da buhu."

"Wa ya gan ni? Mai kawu a ƙarƙashin gida? To, buhuna ne. Alayyafo ne ya fito a bakin shingenku, ba mai kula shi, Turawa suna wucewa ta kansa da karnuka. In bar shi ya tsufa? Shi ne a miyar da kake ci."

Imoro ya dakata da cokali a baki. Ya dubi ƙafarta. Ƙarama ce, ko rabin sawun ba ta kai ba, ga shi tana jan ta dama saboda ciwon gwiwa. Ya ci gaba da ci, don miyar ta yi daɗi.

"Wa kike gani a hanyar da safe?"

"Ba kowa. Masu gudu ba a kore su ba, da masu karnuka. Sai surukinka yana motsa ƙafa yadda likita ya ce, da doguwar sandarsa a kafaɗa."

"Hajiya, a bar Baba a gefe."

"Ni ban sa shi a tsakiya ba. Tambayata ka yi."

"A bar Baba," ya sake cewa, ya tashi ya wanke hannu.

Daga nan ya bi wani sawun silifas har bayan wani shagon wanki, ya tarar da mai shi Bafilipine ne, ba ya salla. Ya bi wani ya ƙare a ƙofar liman, ya juyo da sauri kafin a gan shi.

*

Ranar jajibere Haula ta ce ya gyara gareji, nan za a yi aikin nama. Yana jan kwalaye yana sauraron rediyo, Nazir yana cewa ɓangarorin biyu sun kusa daidaitawa. Ya kashe rediyon.

A bayan ƙofa ya ga ƙarfen da yake kankare ƙanƙara da shi a bakin gida lokacin sanyi, mai doguwar ƙota da faffaɗan baki. Rabonsa da shi tun sanyin bara, ya bar shi da tsatsa. Yanzu bakinsa yana sheƙi, an wasa shi har zai iya aski. A jikin ƙotar ga wani abu ya bushe yana danƙo, ga farar auduga ta manne.

Imoro ya auna bakin ƙarfen da tafin hannunsa. Ya riƙe ƙotar, ya tura ƙarfen gaba a kan siminti, ya taka, ya sake turawa. A miƙe yake, kamar mai zuwa kasuwa. Ya lallaɓa ya zauna a kan bokitin fenti.

"Haula!"

Ta leƙo da wuƙa da albasa a hannu.

"A garinku, da me kuke noma?"

"Da hauyar tsaye mana. Ƙasarmu rairayi ce, turawa ake yi, ba a sunkuyawa kamar ku. Ai Baba da ya ga wannan ya ce..." Ta dubi ƙarfen, ta dubi audugar, ta rufe baki da hannun albasa. "Innalillahi."

"Kin taɓa kai shi gandun?"

"Sau ɗaya, satin da ya zo. Ya ce yana son ganin inda kake aiki. Ya tsaya a bakin filin ya daɗe yana girgiza kai."

"To ki je ki tambaye shi."

"Ni? In ce wa ubana ya yi wa gwamnatin Amurka ɓarna, da hawan jininsa? Kai ne mai bincike."

"Ni in tsaya a gaban Baba in ce, Baba ina kake ranar kaza? Haula, ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Gara a kore ni."

"In an kore ka, da me za a sayi maganinsa?"

Daga sama suna jin tsohon yana jan carbi yana kallon talabijin ɗin da ba ya jin abin da take cewa.

*

Ranar Sallah bayan la'asar falon Imoro ya cika. Abdul-Samad ya zo da cinyar kawunsa a leda. Hajiya Wahida ta zo da tukunya. Nazir ya zo da labarin cewa gobe ko jibi za a sa hannu. Constance ma ta zo, don Imoro ya ce mata yau za ta ji sunan da take nema. Aka ba ta kujera da soyayyar hanta, Nazir ya zauna kusa da ita yana fassara mata. Malam Idrissa yana kan babbar kujera cikin farar shadda, ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Imoro ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya juya gefe yadda idonsa ba zai faɗa kan tsohon ba. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kun san filin da nake kula da shi a gandu. An shiga an nome shi. Ni dai na bi sawu tun ina yaro, na ga gonaki daga Yendi har Tamale. Ban taɓa ganin noma mai tsafta irin wannan ba. Ba a bar ko tsinke ba. An tara ciyawa a jere kamar da igiya aka auna. Wanda ya yi aikin nan manomi ne ɗan manomi."

Constance ta ɗaga gira da ta ji fassarar. Ƙafar Malam Idrissa ta fara kaɗawa a hankali.

"Da farko na zargi Hajiya Wahida."

"Ka ci miyata ka zarge ni, Allah ya gani."

"Amma gwiwarta ta wanke ta. Saura mutum ɗaya da aka ga sawun motarsa a wurin. Abdul-Samad, ashe haka kake da ƙarfi ka ɓoye mana? Kai ka yi aikin nan."

Abdul-Samad ya shaƙe da nama. "Ni? Cale, mun gama wannan maganar! Wallahi..."

"Kada ka yi kawaici. Aiki ya yi kyau. Kowa ya san yau Abdul-Samad manomi ne."

"Wannan?"

Muryar ta fito daga babbar kujera. Malam Idrissa ya sauke ƙafa, ya nuna Abdul-Samad da carbi.

"Wannan mai tumbin? Ku buɗe tafin hannunsa ku gani, ya fi na jariri laushi. Shi zai share filin nan? Bon, to, ni ban so in faɗa ba, don abin da mutum ya yi wa gidan 'yarsa ba na shela ba ne. Amma ba zan zauna ina ji a ba malalaci aikina ba. Ni na yi. Ni kaɗai, da hauyar da na samu a gareji, ko da yake ƙarfenta na banza ne."

Hajiya Wahida ta ce, "A bar Baba a gefe," ta kwashe da dariya har tana share hawaye. Haula ta shige kicin.

Tsohon bai kula su ba. Bai dubi Imoro ba, bango ya duba. "Na je na ga gonar da aka ba yaron nan amana. Tumfafiya ta cinye ta tun daga wannan kai har wancan. Kunya ta kama ni, na yi shiru. Ba a jima ba na ji an ce gwamnati ta hana shi albashi ta ce ya zauna gida. Na ce to, sun gani. Wa zai biya mutum ya bar gona haka? Na ce bari in rufa masa asiri kafin farfe, wato babban jami'in gwamnati, ya zo dubawa. Ɓarayin da liman yake magana kuwa ban gamu da su ba, da sun sani."

Nazir ya fassara, yana danne dariya. Constance ta ajiye farantin hanta. Ta yi magana a hankali, Nazir ya juya ga tsohon.

"Baba, wai... ita tumfafiyar ita ce shukar. Sayen irin aka yi. Gwamnati ta ware mata kuɗi."

"Wa ya shuka?"

"Ita da Yaya Imoro."

"Tumfafiya?"

"E, Baba. Saboda malam-buɗe-littafi."

"Ana cin sa a nan?"

"A'a."

"Ana magani da shi?"

"A'a, Baba. Yana ƙwai a kai, ya tashi ya tafi wata ƙasa. Mutane su zo su kalla."

Malam Idrissa ya daɗe yana kallon Constance. Sannan ya gyaɗa kai kamar wanda aka warware masa wani abu. "Shi ya sa aka rufe gwamnatin."

Har Constance sai da ta yi dariya da aka fassara mata, dariyar da ke kusa da kuka.

"To ku gaya mata aikin bai ƙare ba," in ji tsohon. "Na bar tsibin ya bushe. Gobe nake shirin zuwa da ashana."

Wannan karon ba ta jira Nazir ya gama ba. Ta miƙe tsaye, hantar ta zube a kafet.

Da aka zaunar da ita aka ba ta ruwa, tsohon ya lura ba wanda ke dariya kuma. Ya dubi fuskar Haula a ƙofar kicin.

"Korarsa za a yi?"

Haula ta kau da kai.

Ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya gyara hularsa. "To a kai ni wurin jandarmomin. Ni na yi, ni za a ɗaure. Yaron nan bai san komai ba."

Imoro ya taho ya durƙusa a gabansa, kansa a ƙasa. Tun da ya auri Haula bai taɓa yi wa tsohon maganar da ta wuce gaisuwa ba.

"Baba, laifina ne. Da ka tambayi Haula aikina, ni na ce ta ce ina kula da gonar gwamnati. Na kasa bari manomi kamarka ya ji mijin 'yarsa yana tashi da asuba ya je ya ba tumfafiya ruwa."

"Ruwa ma kake ba ta?"

"Da taki, Baba."

Tsohon ya runtse ido ya koma ya zauna.

Constance ta tambaya ko ƙwallayen tumfafiyar suna cikin tsibin. Aka ce suna nan, bai zubar da komai ba. Ta ce saiwar tana ƙasa, za ta iya tohowa bayan sanyi, amma manyanta ba saiwa za su zo gani ba. In aka ɓare ƙwallayen aka fitar da irin, aka shuke filin kafin ƙasa ta daskare, tana da abin nunawa. Ƙarya kam ba za ta yi ba, za ta faɗi wanda ya yi da dalilinsa. Abin da ya rage yana hannun manya.

*

Aka buɗe gwamnati. Da safen nan mutanenmu suka cika filin, kowa da kwano, audugar tumfafiya tana tashi tana manne wa mata a ɗankwali. Abdul-Samad ya zauna a inuwa ya ce shi ne mai kula da ruwan sha.

Constance tana can gefe da waya a kunne, tana kai da komo. Imoro yana ɓare ƙwallo amma idonsa yana kanta. Ya ga ta yi bayani da hannu, ya ga ta nuna yadda ake tura hauya, ya ga ta daɗe tana saurare. Da ta kashe wayar ta taho.

"Sun ce in maimaita musu labarin sau biyu, na biyun don su kira na ofishin kusa su ji. Ba za a kira 'yan sanda ba. Za su zo wata mai zuwa, kuma filin ya kasance a shuke." Ta dube shi. "Ciyawar bakin hanya ta kai gwiwa, Imoro. Me kake jira?"

Imoro ya share fuska da hannun riga ya ce audugar ce ta shiga masa ido.

Shukar kuwa Malam Idrissa bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya ga yadda Constance ke watsa irin a ƙasa kamar mai ba kaji tsaba, ya karɓe kwanon daga hannunta. Ya bi layi yana sara rami, ya jefa iri, ya rufe da diddige, kowane rami da astagfirullah ɗinsa. Da ya kai ƙarshen filin ya tsaya yana haki, ya dubi bishiyar da ke bayan Imoro ya yi mata magana.

"A gaya wa yaron nan ya riƙa ba ta ruwa a kan kari. Tunda ni na shuka, ba zan zauna a Maradi in ji an ce ba ta fito ba."

"To, Baba," in ji Imoro, yana durƙushe a cikin ƙasa.

Imoro kuwa ya ci gaba da ba ta ruwan, Allah ya haskaka kabarinsa, har shekarar da ƙafafunsa suka daina kai shi.